Awa Ɗaya Kafin a Sa Kwaɗo

Na Allah ne mu, kuma gare Shi komawarmu take. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran lauyan nan da ma'aikatan kotu suka laƙaba wa suna Awa Ɗaya, bayan jinyar mako uku a asibiti. Ya rasu yana da shekara sittin da takwas. Talatin da huɗu daga cikinsu ya ƙarar da su a kan shari'a iri ɗaya tak, wato shari'ar kamfanoni da shagunan da suka karye har masu bin bashi suka kai su gaban alƙali. Ni ba lauya ba ne, ba kuma ɗan'uwansa ba ne. Mai maɗaba'a ne ni, ɗaya daga cikin waɗanda ya tsaya wa a kotu, kuma ya rasu shekara goma sha huɗu ke nan ban amsa gaisuwarsa ba.

Ina tsaye ina yankan takarda labarin ya same ni. Tsohon mai ɗinkin littattafaina ne ya kira, ya ce, "Maigida, Lauya fa ya riga mu." Na ce Allah Ya jiƙansa, na ajiye waya, na ci gaba da yanka kamar ba a gaya mini komai ba. Sai da na ɓata takardun mutane kusan ɗari sannan na ankara. Na kashe inji na zauna a kan kwalin takarda, na daɗe ban tashi ba.

Lauya, bari in yi magana da kai yau, tunda na ƙi yi lokacin da za ka iya amsawa.

Matasan lauyoyi sun san laƙabinka amma da yawansu ba su san asalinsa ba. Ni daga bakinka na ji, a zamanin da nake zama a ofishinka na saman kantin magani, ƙarƙashin fankar nan mai kuka, kana ba ni shayin da ko sau ɗaya ban taɓa shanyewa ba. Ka fara aiki ne a ɓangaren bankuna. Shekara shida kana karɓo umarnin kotu, ka je da ma'aikata a garƙame wuri, a rubuta kayan ciki, a jira ranar gwanjo. Ka ce mini a lokacin kana alfahari da saurinka: kafin mai wuri ya gama karanta takarda an riga an sa kwaɗo. Wata rana kuka rufe wani gidan kafintoci. Bayan wata uku da aka buɗe don gwanjo, ka ga wani tsoho a tsaye a bakin ƙofa tun sassafe. Ba sayen komai ya zo yi ba. Tabaraunsa ne aka kulle a ciki tare da zarto da gudumar da ya zo da su tun daga gidan ubansa. Wata uku bai samu aiki ko'ina ba, don ba ya gani sosai kuma ba shi da kayan aiki. Babu wanda ya karya doka, kuma babu wanda ya tuna da shi.

Daga ranar ka sauya ɓangare, ka koma tsaya wa waɗanda ake rufe wa ƙofa. Kuma daga ranar ba ka sake shiga wata shari'a ba tare da ka roƙi abu ɗaya ba: a bar wurin a buɗe awa ɗaya kafin a sa kwaɗo, ma'aikata su shiga a gaban jami'in kotu su ɗauki abin da yake nasu, mai wurin kuma ya fita ta babbar ƙofa, ya miƙa makulli da hannunsa. Babu wannan a cikin kowane littafin doka. Roƙo ne kawai, kuma ba ka jin kunyar yin sa. Alƙalai sun saba har wani daga cikinsu yakan tare ka kafin ka buɗe baki ya ce, "Mun sani, Lauya, an ba ka awarka, zauna." Lauyoyin banki suna yi maka tsiya a farfajiyar kotu, suna cewa ko Mala'ikan Mutuwa ya zo sai ka nemi ya ɗan jira a waje. Kai kuwa ka yi murmushin nan naka na gefen baki, ka gyara tsohuwar jakarka ka wuce.

Abin da mutane suke fitowa da shi a cikin awar nan ba wani abin a zo a gani ba ne. Kofin shayi, takalman aiki, almakashi, hoton 'ya'ya, rediyon da sai an buga shi yake magana. Ka taɓa ce mini ba don kayan kake yi ba. Wanda aka kora daga wurin da ya yi shekara ashirin yana aiki ba tare da ya yi sallama da wurin ba, in ji ka, yakan daɗe bai koma daidai ba.

Sai kuma makullai. Da zarar kotu ta sa kwaɗonta, tsohon makullin mai wuri ya zama ƙarfen banza, sai a mayar masa da abinsa. Wasu suna jefarwa, wasu kuma ba sa iyawa. Kai kake karɓa. Kana da wani babban aljihun tebur da kake zuba su, kowanne ɗaure da ɗan kati mai sunan wurin da ranar da aka rufe shi, da rubutunka mai kama da tafiyar tururuwa. Duk wanda Allah Ya sake ɗagawa ya buɗe wani wuri, ko da rumfa ce, sai ya zo ya gaya maka, ka mayar masa da makullinsa, ka ajiye katin a wani akwati daban. Ranar da irin wannan ta faru, in ji magatakardarka, ba a iya aiki da kai, sai surutu kamar ba kai ba.

Wasu za su rubuta manyan shari'unka, sun fi ni sanin su. Za su faɗi yadda ka hana a wargaza masana'antar takalma mai ma'aikata ɗari uku, ka zaunar da masu bin ta bashi a ɗaki ɗaya wata bakwai har suka yarda a bar ta ta numfasa, ga ta nan tana aiki har yau. Za su faɗi yadda ka kafe a kan cewa albashin ma'aikata shi za a fara fitarwa kafin kowa ya taɓa kuɗin gwanjo, har aka daina musu da kai a kan haka. Ni abin da na sani shi ne ba ka iya daɗin baki ba ko kaɗan. Mutum ya zo maka da idanu jajur yana neman a ce masa komai zai yi daidai, sai ka cire tabarau ka ce, "Kamfanin ya mutu. Yanzu bari mu ga me za a iya ceta." Haka ka ce mini ranar farko, kuma na so in tashi in fita.

Maɗaba'ata gado ce. Mahaifina ya fara ta da ɗan ƙaramin inji guda, irin wanda ake takawa da ƙafa ana sa masa takarda ɗaya-ɗaya da hannu. A kansa na koyi aiki. Ni na faɗaɗa wurin, na sayo manyan injina da rance, na ɗauki mutum goma sha tara. Sai wani babban aikin littattafan makaranta da na zuba komai a kai ya rushe bayan na gama bugawa. Cikin shekara guda aka kai ni kotu. Manyan injinan ban damu da su ba, na san sun tafi. Injin mahaifina kaɗai nake so ya tsira. Yana can kusurwa, an daina aiki da shi, amma kullum da safe sai na share shi. Yana da wata alama da na san shi da ita tun ina yaro: duk takardar da ya buga sai ya bar mata wani siririn layi a gefen hagu, ba a gani sai an duba. Mahaifina ya yi gyaran duniya layin bai ɓace ba.

Mako biyu ka yi kana tonon tsofaffin takarduna, kana neman wata shaida da za ta nuna injin nawa ne na kaina, ba na kamfani ba. Abin da ka samo shi ne takardar jinginar da na sa wa hannu da kaina shekara biyar kafin nan, na lissafa duk injinan wurin har da shi, don banki ya ga jerin ya yi tsawo. Ni na saka shi a ciki, ba kowa ba. Amma mutum idan idonsa ya rufe ba ya tuna irin wannan.

Sai na zo maka da dabarata. Na ce surukina yana da mota, kafin ranar rubuta kaya za mu ɗauke injin mu kai gidansa, wa zai lura da tsohon ƙarfe guda? Ka ce, "Na nema maka hanya ban samu ba. Wannan da ka samo kuwa gidan yari ta nufa. Takardar rantsuwa za ka sa wa hannu a kan jerin kayan nan, kuma ni ba zan miƙa wa kotu jerin da na san ƙarya ne ba." Na roƙe ka. Na ce maka ba kuɗi ba ne, ubana ne. Ka ce ka sani. Washegari na ga jerin, injin mahaifina shi ne na ashirin da uku, da rubutun hannunka.

Ka samo mini awata kamar yadda ka samo wa kowa. Ma'aikatana suka shiga suna tattara 'yan kayansu, wasu suna kuka a ɓoye. Ni kuma na ɓatar da tawa awar a kanka. A gaban mutanena, a gaban jami'in kotu, a gaban lauyan banki, na yi maka tatas. Na ce kai da su duk ɗaya ne, gara ma su da ba su ci kuɗina ba. Na ce, "Daga yau kada ka sake yi mini magana. Ko a hanya muka haɗu, kada ka kira ni, kada ka aiko mini kowa." Da lokacin miƙa makulli ya yi, ban miƙa ba, na jefar da shi gaban ƙafarka. Ka girme ni da shekara tara, kuma gwiwarka tana damunka tun a lokacin. Ka dafa ƙofa ka sunkuya a hankali ka ɗauka, ka goge shi da hankici ka sa a aljihu.

Ka ci gaba da shari'ar har ƙarshe, muna magana ta hannun magatakardarka. Ma'aikatana sha tara duk suka samu albashinsu. Gidan da muke ciki ya tsira, don ka nuna wa kotu cewa uwar 'ya'yana ce ta gaje shi. Ban yi maka godiya ba. Shekara biyu bayan haka wani maƙwabcina mai kantin tayoyi ya yi irin dabarar da na so yi, da shawarar wani lauya mai daɗin baki. Aka gano, aka ɗaure shi, 'yarsa ta yi aure ba ya nan. A ranar na san gaskiyarka ce. Uwar 'ya'yana ta ce, "Malam, ka je ka ba mutumin nan haƙuri, me zai rage ka?" Na ce zan je.

Shekara goma sha biyu ina cewa zan je. Na yi aiki a ƙarƙashin wani na tsawon shekara tara, na tara abin da ya samu, na buɗe ɗan shagon da nake ciki yanzu. Na san al'adarka, na san makullina yana jirana. Sau biyu na kai har ƙasan benenka. Duka biyun kantin maganin na shiga, na sayi maganin ciwon kai da ba na buƙata, na juya. Mukan haɗu jefi-jefi, a bakin banki ko a wurin gyaran mota, don tsohuwar motarka ta fi zama a can fiye da gida. Sai ka ɗaga mini hannu kawai, ba ka furta komai ba. Ni kuma in hau duba takalmina. Na ɗauka fushi kake yi, kuma hakan ya yi mini daɗi, don ya ba ni dalilin ƙara jan ƙafa.

Kwana goma bayan rasuwarka wata mata ta tsaya a ƙofar shagona. Ko ba a faɗa ba na san 'yarka ce, irin tsayuwarku ɗaya. Ita ma lauya ce, ita ta gaji ofishin. Ta gaishe ni har ƙasa, abin da ya ƙara mini kunya.

"Baba, kai ne mai maɗaba'a? Ina rabon makullan da suka rage ne. Naka na ce sai na kawo da kaina."

Na ce, "'Yata, kin san abin da ke tsakanina da mahaifinki?"

Ta ce, "Na sani. Shi dai bai taɓa cewa kun ɓata ba. Cewa yake fayil ɗinka bai rufu ba."

Ta miƙo mini makullin. Na kowa, in ji ta, kati ɗaya ne da layi biyu. Nawa kati uku ne a maƙale da juna, an cika su ciki da baya da rubutun nan naka. Na sa tabarau na karanta a tsaye.

Injin mahaifina ka yi ta bi. Kada wani ya yi tsammanin ka saye shi a ɓoye. Doka ta hana ka sayen kayan wanda kake tsaya wa, kuma ba halinka ba ne ka zagaya ta. Bin sawunsa kawai ka yi. Ranar gwanjo wani dillalin ƙarafa ya saya, ka rubuta sunansa, ka rubuta cewa ka roƙe shi kada ya farfasa shi ya sayar a kilo. Bayan wata takwas ya koma wata makarantar koyon sana'a. Shekara huɗu yana can, sai makarantar ta daina koyar da ɗab'i aka jefa shi ɗakin ajiya mai yoyo. Ka rubuta: "Na kai musu leda mai kauri, an rufe shi." Daga nan wani mai tara tsofaffin kaya, daga nan wani mai buga katin gayyata a wani gari mai tafiyar awa biyu. Kowace shekara akwai layi ɗaya ko biyu da kwanan wata. Ka je ka gani da idonka, da gwiwar nan taka, a motar nan taka. Layin ƙarshe na watan Fabrairu ne, mako ɗaya kafin a kwantar da kai: "Yana aiki. Mai shi mutumin kirki ne. A gaya wa mai makullin idan ya ɗage sharaɗi."

Na tambayi 'yarka wane sharaɗi, alhali na sani. Na ce to me ya hana shi ya aiko, ko da takarda ce? Ta ce ta sha gaya maka haka, har kun yi musu a kai. Amsarka kullum ɗaya ce: "Mutumin nan an karɓe masa komai a rana ɗaya, ni na rubuta jerin. Abu guda ya rage da ya isa da shi, ya ce kada in yi masa magana. Ba zan karɓe wannan ma ba. In ya shirya ya san hanya."

Na san hanyar, Lauya. Matakala goma sha bakwai ce, sau biyu na ƙirga su daga ƙasa. Abin da nake kira fushinka ashe girmama maganata kake yi, maganar da na faɗa cikin hauka ban ma cancanci a riƙe ta ba. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini ciwo, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Makon jiya na je garin. Ɗan shago ne a bayan tashar mota, mai shi saurayi ne da 'ya'ya biyu. Da na faɗi ko ni wane ne sai ya miƙe ya ba ni kujerarsa. Ya ce, "Ai tsohon nan ya ce wata rana za ka zo. Yakan zauna nan ya kalli injin yana aiki, shayi ma ba ya bari in saya masa." Injin yana nan, an sake masa fenti, amma ƙararsa ba ta sauya ba. Saurayin ya ce idan ina so zai sayar mini. Na ce a'a. Da shi yake ciyar da iyalinsa, kuma na san yadda ake ji idan aka zo aka ɗauke wa mutum inji. Abu ɗaya na roƙa, ya ara mini shi in buga wannan ta'aziyya, in jera haruffanta da hannuna kamar yadda mahaifina ya koya mini. Ya ce in ɗauki duk kwanakin da nake so. Saboda haka duk wanda takardar nan ta iso hannunsa, idan ya ga wani siririn layi a gefen hagu, ba kuskuren bugu ba ne.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidanka, wadda ta yi haƙurin zama da mutumin da yake kwaso baƙin cikin mutane ya kawo gida shekara talatin da huɗu. Ina yi wa 'yarka da ƙannenta biyu da jikokinka ta'aziyya, da magatakardarka da ta tsufa a ofishin nan tare da kai, da duk masu makullan da aka mayar da waɗanda ba a kai ga mayarwa ba. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya albarkaci bayansa. Ina kuma roƙonku, tunda shi ya wuce inda zan roƙe shi, ku yafe mini a madadinsa.

Allah Ya jiƙanka, Lauya, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka Ya yalwata shi. Ka ƙarar da rayuwarka kana roƙa wa bayinSa sassauci a ranar da aka rufe musu ƙofa. Allah Ya sassauta maka ranar hisabi, Ya buɗe maka ƙofar Aljanna ba tare da jira ba. Sharaɗin nan kuma na ɗage shi. Na makara, amma na ɗage. In Allah Ya haɗa fuskokinmu a can, kada ka tsaya ɗaga hannu, ka kira ni, zan amsa.

Amin.